Ni da keken dare a Ikorodu, da yadda hankalin mutanen gidana ya kwanta

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekaranjiya wani yaro da muke hawa keke tare ya same ni a rumfa ransa a ɓace, wai amaryarsa ta ce in ya ƙara fita da keke da daddare to ya dawo ya tarar ta tafi gidansu, yana so in ba shi maganar da zai faɗa mata hankalinta ya kwanta. Na ce masa wallahi da akwai irin wannan maganar da ni zan fara amfani da ita, don sai da na kusa shekara guda ina fama da mutanen gidana a kan wannan keken. Ciniki ya hana mu ƙarasa hirar, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta yadda tawa ta kasance tun daga farko.

Ni mutumin Zariya ne, a 2011 na zo Legas, ina sayar da albasa a kasuwar Mile 12, gidana kuma yana Sabo a Ikorodu. Duk wanda ya san harkarmu ya san ba mu da rana. Motocin kaya na Aliero da Sakkwato da Kano cikin dare suke shigowa ko da asuba, kana sallame sallah ka kama hanya, in ka yi sa'ar doguwar bas ɗin BRT ka isa da wuri in ba ka yi ba gosulo ya cinye ka, sai yamma lis kake dawowa gida jiki duk warin albasa. Ga zama a kan benci wuni guda, ga shayi mai siga da burodi da safe, ga tuwo da nama da dare, a hankali tumbi ya fito ban ankara ba. A 2022 na fara jin ciwon kai ta ƙeya, wani lokaci in na miƙe sai jiri ya ɗebe ni, da na je asibiti aka gwada aka ce jinina ya hau, 160 a kan 100. Gabana ya faɗi sosai, saboda hawan jinin nan ne ya kwantar da Babanmu, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, shekara uku muna juya shi a kan katifa kafin Allah ya karɓi abinsa. Likitar ta ba ni magani, ta ce in rage gishiri da sinadarin ɗanɗano, kuma dole in riƙa motsa jiki aƙalla minti 150 a sati kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce. Na tambaye ta a ina ɗan kasuwa zai samo minti 150, ta ce wannan kuma ni zan nemo, ita dai ta gaya min.

Na fara da tafiyar ƙafa, ba ta ɗore ba. Na gwada gudu gwiwa ta ƙi. Keke kuwa dama tun ina yaro a jinina yake, da Raleigh ɗin Baba na koya, ta ƙarƙashin sandar nake zura ƙafa ina taka feda saboda ban kai sirdi ba, da na ɗan tasa har wajen dutsen Kufena muke zuwa ni da ƙanena, ni ina tuƙi shi yana kan kariya ya riƙe min riga. To da aka cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayun 2023 kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabi, sai na ce bari in jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya, in sayi keke in riƙa zuwa kasuwa da shi, ga ragin kuɗin mota ga motsa jiki. Akwai wani Bayarabe dattijo mai gyaran keke a unguwarmu, a wurinsa na samu wani tokumbo, tayoyinsa masu kauri da haƙora, gabansa da sifirin mai shanye gargada, ga giya ga birki mai faranti. Sau biyu kacal na je Mile 12 da shi. Danfo, wato ƙaramar bas ɗin hayar Legas, ya matse ka ta nan, tanka ta huro maka iska ta can, kwandasta yana leƙowa yana zaginka, a karo na biyu wata tirela ta wuce ni har sai da na ji zafin tayarta a ƙafata, na sauka na tura keken har gida na jingine shi.

Dattijon nan ne da ya ga keken ya kwana biyu ba ya fita ya ce min, Malam wannan ai ba na kwalta ba ne, Turawa don tudu da daji suka yi shi. Ya ce su akwai inda suke zuwa bayan gari, ta wajen Igbogbo da hanyar Ijede, hanyoyin jar ƙasa na cikin gonaki da sababbin unguwanni inda mota ba ta cika bi ba, kuma da dare suke fita saboda kowa da sana'arsa da rana, ga zafin Legas mai sa mutum ya jiƙe ko a inuwa yake. Gaskiya dai Legas ba ta da dutse irin na Jos ko namu na Kufena, wanda ya ce maka yana hawan dutse a Legas ya faɗa ne kawai. Abin da muke da shi hawa da gangara ne, da hanyar da ruwan sama ya zaizaye ya bar kwari a tsakiya, da yashi da saiwar itace, amma ku yarda da ni wannan ɗin ma ya ishi mutum gumi.

Daren farko ba zan manta shi ba. Bayan isha'i muka tashi mu huɗu, ni da dattijon da wani Inyamuri mai shagon magani da wani ɗan uwanmu Bahaushe mai gadi. Muna barin kwalta ƙarar janareto ta fara ja da baya, sai kukan kwaɗi da gyare, ga ƙamshin ƙasa da aka yi wa yayyafi, ga iska mai sanyi tana tasowa daga wajen ruwa. Duniyar gaba ɗaya ta koma ɗan hasken da ke gabanka, ba ka tunanin bashin da ake binka ko buhun da ya ruɓe, in ka yi tunanin wani abu ma rami zai tuna maka. Shekara goma sha biyu ina Legas ban taɓa jin ƙirjina ya buɗe irin na ranar ba. Na dawo wajen goma da rabi na yi wanka na yi barcin da rabona da shi tun ina saurayi.

Maman yara kuwa ashe tana zaune a bakin gado tun fitata, ko hijabin sallah ba ta cire ba.

Da farko ban ɗauki maganarta da nauyi ba, kuma nan ne na fara kuskure. Ta ce Abban su wannan fitar ba ta kwanta min ba, na ce ba komai. Ta ce dare ne fa, na ce ba komai Allah na nan. Ta ce in wani abu ya same ka a daji wa zai gaya min, na ce haba ke dai kin cika tsoro. Duk abin da ta faɗa amsata ɗaya ce, ba komai, kuma yanzu da nake tunawa na gane duk ranar da na ce mata ba komai tsoronta ƙaruwa yake, don abin da take ji shi ne mutumin nan bai ma san akwai hatsari ba balle ya shirya masa. Alhali tana da gaskiya. Muna Ikorodu aka yi tashin hankalin 'yan Badoo a 2016 da 2017, lokacin da ake shiga gidajen mutane cikin dare ana kashe su, ita ce take tura kujera da turmi a bayan ƙofa kafin mu kwanta, matar da ta ga wannan zamanin ba za ka ce mata dare ba komai ba ne. Sannan ta faɗi wata magana da ta tsaya min, ta ce kai Bahaushe ne a garin mutane, da fitila a goshi cikin duhu a bayan gidajensu, mutum ɗaya ya isa ya yi ihun ole, wato ɓarawo da Yarbanci, kafin ka buɗe baki ka yi bayani an gama da kai. Na san haka ne, amma girman kai ya hana ni cewa haka ne.

Muna cikin wannan ja-in-ja har damina ta ja baya, sai ranar da na faɗi. Fitila ɗaya nake da ita lokacin, irin tocilan ɗin goshi na masu gadi, na ɗaura a kan hular kwano. Muna gangarowa wata hanya da na riga na sani, na saki keken fiye da yadda hasken ke kai min, ashe ruwan da aka yi kwana biyu kafin nan ya yanka hanyar a gicciye. Sai da na zo kansa na gani, na damƙe birkin gaba da ƙarfi, keken ya tsaya ni ban tsaya ba, ta saman kansa na wuce na sauka da kai da kafaɗa. Na ɗan jima a kwance ina jin ƙasa a bakina, ina jin dattijon yana kiran Malam, Malam. Alhamdulillahi ba karaya, sai gwiwa da gwiwar hannu da suka kwaile, mai shagon maganin ya haska idona ya tambaye ni sunana da ranar da muke, ya wanke ciwon ya naɗa bandeji, ya ce in na ji amai ko jiri cikin dare kar in jira safiya in tafi asibiti. Hular kuwa ta tsage daga gefen dama, tsaga mai tsawon yatsa.

Da na shigo gida na tarar ta yi barci don gajiya, na lallaɓa na cusa hular a bayan buhunan da ke lungu, wandon da ya yage na tura shi ƙarƙashin kayan wanki, da safe na sa doguwar riga na ce mata ƙafata ce ta bugi benci a kasuwa. Kwana uku ƙaryar ta yi. Ranar na dawo na same ta a tsakar gida da hular a kan cinyarta, ba ta yi faɗa ba ba ta ɗaga murya ba, cewa kawai ta yi, da can tsoron dare nake ji, yanzu kuma ko ka dawo ka ce min lafiya ban san ko lafiyar ba ce. Wallahi da zagina ta yi da ya fi min sauƙi. Na zauna a ƙasa kusa da ita na ba ta labarin faɗuwar tun daga gangaren har bandejin, ban rage komai ba, na ce mata laifina ne, gudu na yi fiye da haskena, kuma na ba ta haƙuri a kan ƙaryar. Ranar ce rana ta farko da muka yi maganar keken nan kamar mutum biyu masu hankali. Na ce ta faɗo duk abin da take tsoro ɗaya bayan ɗaya, wanda ke da magani mu nemo, wanda ba shi da magani in gaya mata gaskiya ba shi da shi.

Maganar fitila muka fara. Dattijon ya daɗe yana gaya min fitila ɗaya ba ta isa, ni ne nake jin ƙyashin kuɗin. Yadda abin yake, fitilar goshi tana kusa da idonka, to duk inuwar da rami ko dutse zai yi tana ɓuya a bayansa, sai ka ga hanya sumul alhali ba sumul ba ce, abin da ya kayar da ni kenan. Wadda aka ɗaura a kan keken kuwa tana ƙasa, haskenta yana kwanciya a kan hanya, kowane rami sai ya fito da baƙar inuwarsa tun daga nesa. Ita kuma matsalarta inda kan keken ya kalla nan take kallo, in za ka sha kwana ba ta haska maka cikin kwanar sai ta goshin. Dole sai biyun, kuma in ɗaya ta mutu ɗayar ta kawo ka gida. Na sayi babba mai caji wadda aka rubuta lumen 1000, wato ma'aunin ƙarfin haskenta, a kwalinta, da ƙaramar ja mai walƙiya ta baya, da riga mai ƙyalli irin ta masu aikin titi, da farin gilashi saboda ƙwarin da ke bin haske suna faɗa wa mutum a ido. Hula ma sabuwa na saya, don abin da ke cikinta mai kama da soso sau ɗaya yake aiki, in ya sha bugu ya matse to ya gama nasa ko da daga waje ba ka ga komai ba. Daren da na kawo kayan an ɗauke wuta, na ce ta fito, na miƙa mata babbar ta kunna da hannunta, hasken ya tafi har katangar ƙarshen layi, yara suka yi ta ihu suna tsalle a cikinsa. Ta juya ta a hannu ta ce awa nawa take yi, na ce in an ƙure ta ba ta kai biyu ba, in an rage tana wuce haka sosai. Ta ce to daga yau ni zan riƙa sa ta a caji, in ban ga ta cika ba babu fita. Har yau a hannunta cajin yake.

Maganar ihun ɓarawo kuwa da rana muka magance ta. Wata Lahadi muka shirya mu huɗu da kekunanmu da rigunanmu muka bi hanyar gaba ɗaya, muka gaida baale, wato mai unguwar wajen, muka tsaya wurin 'yan sintirin kowace unguwa suka ga fuskokinmu, dattijon ya yi musu bayani da Yarbanci, muka karɓi lambar shugabansu suka karɓi tamu. Yanzu in mun zo wucewa tun daga nesa muke rage haske don kar mu kashe musu ido, mu ce e kaale, wato barka da dare, su amsa su ɗaga mana sanda. Katin shaidata na ɗan ƙasa da na zaman Legas kullum suna cikin 'yar jakar da ke bayana tare da tub da famfo da kayan faci da fawa bank da usur, da wata takarda da maman yara ta rubuta da hannunta ta naɗe a leda, sunana da lambarta da maganin da nake sha. Lambobin gaggawa na Legas, 767 da 112, ita ta sa na haddace su.

Sauran sharuɗɗan ma yawanci nata ne, kuma ban ga wanda zan ce bai dace ba. Ba ma fita in ba mu kai uku ba, don in ɗaya ya ji ciwo ɗaya ya zauna da shi ɗaya ya nemo taimako. Ba ma bin hanyar da ba mu taɓa bi da rana ba. In an yi ruwa mai ƙarfi sai an kwana biyu kuma sai wani ya leƙa hanyar da rana tukuna, watan Yuni da Yuli ma kusan hutu muke yi. Ranar da aka sanar za a yi bikin gargajiyar Yarbawa na Oro a Ikorodu, da ake cewa mata da baƙi su zauna a gida, ko ƙofar gida keken ba ya leƙawa, garin mutane ne dole ka girmama abinsu. Goma da rabi ina gida, tun kafin a fara rufe get ɗin layuka. Kafin in fita kuma ina kunna mata lokeshan a WhatsApp, na awa takwas nake zaɓa don na awa ɗaya yana ƙarewa muna tsakiyar hanya, tana zaune tana ganin ɗigona yana tafiya. Akwai daren da taya ta yi faci ɗigon ya tsaya wuri ɗaya kusan minti ashirin, ta kira muryarta na rawa, tun daga ranar in zan tsaya ko na minti biyar ne sai na tura mata saƙo. Akwai kuma wani kwari da sabis ke ɗaukewa, na nuna mata shi a taswira na ce in kin ga na ɓace a nan ki ba ni minti goma. Abu ɗaya na gaya mata ba ni da maganinsa, na ce zan iya sake faɗuwa, duk mai hawa keke yana faɗuwa, alƙawarin da zan iya yi shi ne ba zan ƙara ɓoye miki ba. Ta ce wannan ɗin dama take so.

Ina murna an gama, ashe babbar tana gaba. A kwanakin da take cikin fushi maman yara ta gaya wa ƙanwata, ƙanwata kuma ta kai wa Inna.

Sai na yi muku bayanin Inna kafin ku gane. Ni ne ɗanta na fari, tunda nake ban taɓa jin ta kama sunana ba, wannan yaron take cewa ko ta ce kai, ko ciwo nake ba ta nuna damuwa a gaban mutane, haka aka tarbiyyantar da su. Ƙanen nan nawa da nake goyawa a kariya zuwa Kufena, shi ne ɗan lelenta. A 2017 ya biyo ni Legas ya kama acaɓa, a 2019 wata babbar mota ta buge shi da dare yana komawa masauki, ko hular kwano babu a kansa. Ni aka kira, ni na je na gan shi, ni kuma na ɗaga waya wajen sha ɗayan dare na kira Inna na gaya mata. A nan Legas muka yi masa sutura washegari, ko gawarsa ba ta gani ba. Da gwamnatin Legas ta hana acaɓa a wasu ƙananan hukumomi a watan Fabrairun 2020 mutanenmu da yawa kuka suka yi saboda abincinsu ne, Inna kuwa da ta ji a rediyo an ce cewa ta yi da ma an yi da wuri. Tun daga wancan daren ban ƙara kiranta bayan magariba ba, ƙanwata ta ce ko wayar wani ce ta yi ƙara da dare sai Inna ta dafe ƙirji tana salati.

Ba ta kira ni ba, Kawu ta aiko. Ya kira ni da rana ya ce, uwarka ta ce a gaya maka ta ba Legas ɗaya, ba ta da na biyun da za ta bayar. Ina tsaye a rumfa mai saye yana jira, na kasa ce masa komai sai to Kawu. A ranar na ɗaga keken na rataye a bango. Babu wata fitila ko lokeshan da zan aika wa Inna, ita ba ta san ɗigo a taswira ba, abin da ta sani abin hawa mai ƙafa biyu da dare da Legas sun taɓa cinye mata ɗa. Wata biyu da wani abu ban hau ba. Abokan hawa suka yi ta zuwa, na ce su yi haƙuri maganar uwa ce. Barcin nan mai daɗi ya tafi, ciwon ƙeya ya fara dawowa, da na je gwaji jinin da ya sauko a watannin da nake hawa ya sake ɗagawa duk da ina shan magani. Wannan karon maman yara ce da kanta ta ce, Abban su ka je ka same ta, ka yi mata irin maganar da ka yi min.

Da babbar sallar 2024 na tafi Zariya, na sa tsagaggiyar hular a cikin jaka. Sai da aka gama hidimar nama baƙi suka ragu, na same ta a ɗakinta bayan la'asar tana jan carbi, na zauna a bakin ƙofa. Na ce Inna na zo ne a kan saƙon da Kawu ya ba ni, tun ranar ban ƙara hawa ba, kuma in kin ce in bari har abada na bari, gobe in na koma zan sayar. Amma ina so ki ji komai tukuna. Na gaya mata abin da likita ta ce, na gaya mata lambar da aka gani a jinina, na ce irin ciwon Baba ne, ke kika yi jinyarsa kin fi kowa sanin ƙarshensa. Na gaya mata inda muke bi babu tirela babu danfo, titin da ya ci ɗan uwana ni ma tsoronsa nake, sau biyu na hau shi na haƙura. Na gaya mata su waye abokan tafiyata da sana'ar kowa, da sharuɗɗan da surukarta ta kafa min. Sannan na ciro hular na ajiye a gabanta na ce na taɓa faɗuwa, ga abin da ya karɓi bugun, na ɓoye wa matata kuma na yi nadama, ke ba zan ɓoye miki ba.

Ta daɗe ba ta taɓa ta ba. Can ta ajiye carbin ta ɗauka, ta juya ta, ta sa babban yatsanta a cikin tsagar tana bi a hankali daga farko har ƙarshe. Ta ce, shi da ya sa irin wannan, sai ta yi shiru ba ta ƙarasa ba, ni ma ban ƙarasa mata ba, muka zauna haka har aka kira magariba. Ba ta ce eh ba ba ta ce a'a ba, na tashi na tafi masallaci na bar hular a wurinta.

Sai ranar da zan koma, na durƙusa ina yi mata sallama jakata a gefe, ta yi min addu'ar hanya kamar kullum, sannan ta kawar da kai tana gyara bakin zaninta ta ce, in za ka hau ka yi addu'ar hawa, kar ka yarda ka fita ba wannan abin a kanka, in ka dawo kuma ka riƙa kira. Na ce Inna dare ne fa, wajen goma da rabi muke dawowa. Ta ce na sani.

Daren da na fara komawa hawa, na shigo gida na jingine keken, gumi yana zuba ko ruwa ban sha ba, na ciro waya na tsaya ina kallon lambarta hannuna yana rawa, rabon da in kira wannan lambar a irin wannan lokacin shekara biyar. Maman yara tana tsaye a bakin ƙofa da fitilar a hannu za ta kai caji, ta ce kira mana tana jira. Ko gama ƙara ta farko ba ta yi ba aka ɗauka.

Ta ce, ka dawo?

Na ce na dawo Inna, lafiya lau.

Ta ce to madalla, Allah ya yi albarka, sai da safe.

Sau uku a sati nake fita yanzu, Talata da Alhamis da Asabar, kuma sau ukun nan sai na kira. Ƙanwata ta ce a waɗannan ranakun Inna ba ta ba kowa aron wayarta tun daga isha'i, a kan darduma take ajiye ta kusa da carbi. Hular kuwa har yau ba ta dawo min da ita ba, an ce tana cikin kwallarta.